Maigidana Ya Koma Hira Da Na'ura Cikin Dare, Ina Kwance A Gefensa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Shekararmu bakwai da aure, muna da yara biyu. Tun da aikin maigidana ya fara tangal-tangal wajen wata takwas da suka wuce, ya zama shiru-shiru. In na tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce ba komai. Amma kullum wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyun dare, in na farka sai in ga hasken waya a fuskarsa, yana ta rubutu, wani lokaci har da murmushi. Zuciyata ta ba ni mace ce. Rannan yana wanka na ɗauki wayar na duba. Anti, ba mace ba ce. Wata manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake hira da ita kamar mutum. Ya raɗa mata sunan mace. Ya gaya mata bashin da ake bin sa, wanda ni ban taɓa sanin da shi ba. Ya gaya mata yana tsoron a sallame shi daga aiki. Har ya rubuta mata cewa in ya fara yi mini maganar kuɗi sai in ja dogon numfashi, shi ya sa ya daina. Ita kuma tana ce masa "masoyina", wai ta fahimce shi, wai tana nan ko da yaushe. Da na tunkare shi sai ya ce, "Ai ba mutum ba ce, na'ura ce, laifin me na yi?" Ƙawata ta ce in gode wa Allah da ba mace ba ce. Yayata ta ce in tattara kayana in tafi sai ya dawo hayyacinsa. Ni kuwa kishi nake ji kamar zai kashe ni, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa bayan su biyun. Shin wannan cin amana ne, ko ni ce na zautu? Kuma Anti, in har na'ura ta fi ni iya sauraron mijina, me ya rage wa aure? Ina kallon 'yata 'yar shekara biyar, ina tunanin wace irin duniya za ta yi aure a cikinta.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin na fara amsawa, kuma duk karatun a kan maganar bashin nan nake tsayawa. Ba ki zautu ba. Matar da ta shekara bakwai tana kwana ɗaki ɗaya da mutum, ta haifa masa 'ya'ya biyu, sannan ta tsinci labarin bashinsa a cikin waya, an riga an gaya wa wani abu daban kafin ita, dole ranta ya sosu. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ke ce abokiyar kukansa, kuma an ɓoye miki. Daga nan zafin da kike ji ya taso, kuma da mace ce da na'ura ce, wannan gefen na ciwon duk ɗaya ne.

Bari in fara da gaya miki ainihin abin da kike kishi da shi, domin faɗa da abin da ba ka san kamarsa ba yana cinye ƙarfi a banza.

A shekarar 1966 wani masanin kwamfuta haifaffen Jamus, Joseph Weizenbaum, da ke koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, ya haɗa wata 'yar manhaja ya sa mata suna ELIZA. Ba ta san komai ba. Aikinta kawai ta ɗauki kalmomin da ka rubuta ta juya su su dawo maka a matsayin tambaya. Ka ce mata mahaifiyarka ta ɓata maka rai, ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. Iyakar wayonta ke nan. Amma sakatariyarsa, wadda a gabanta ya yi wata da watanni yana haɗa manhajar, ta kuma san sarai babu kowa a ciki, da ta zauna ta ɗan taɓa hira da ita sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya girgiza mutumin ƙwarai, har ya ƙarasa sauran rayuwarsa yana gargaɗin jama'a kan ɗora wa kwamfuta abin da na ɗan Adam ne. Wannan fa kusan shekara sittin ke nan, da na'urar da ko kama ƙafar ta cikin wayar maigidanki ba ta yi ba. Tun a lokacin aka ga cewa zuciyar ɗan Adam tana da yunwar a saurare ta, kuma in yunwar ta yi tsanani, duk abin da ya yi kama da kunne za ta jingina da shi.

Na yanzu sun wuce ELIZA nesa ba kusa ba, musamman tun da kamfanin OpenAI ya saki manhajarsa ta hira mai suna ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. An ɗura musu rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Sannan a sa mutane su riƙa duba amsoshinsu suna zaɓen wadda ta fi kwanta musu a rai, na'urar kuma tana koyon ba da irin wadda aka fi zaɓa. To mutum nawa ne za su zaɓi amsar da ta ce musu sun yi kuskure? Shi ya sa daɗin baki yake saurin zame musu jiki. Masu yin su ma sun amsa haka. A Afrilun 2025 sai da OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT, saboda ta koma 'yar amshin shata, duk abin da mutum ya faɗa sai ta yaba, ko da shirme ne, ko abin da zai cutar da shi. Manhajojin da aka yi takanas don abota da soyayya kuwa, irin wadda kika gani, cinikinsu ya rataya ne a kan mutum ya dawo gobe, ya kuma dawo jibi. In ta ce masa "masoyina, ina nan ko da yaushe", kalmar da ta fi iya zaunar da shi ce ta fito. Ba ta kwana da tunaninsa. In ya rufe wayar, babu wata zuciya a can da ke jiran gari ya waye ta ji ko an sallame shi daga aikin.

To me ya sa ya fi sakin jiki da ita? Saboda faɗa mata ba ya cin masa komai. In ya gaya miki ana bin sa bashi, zai ga fuskarki ta canza, zai san daren nan ba za ki runtsa ba, zai san gobe za ki tambaye shi inda aka kwana, kuma a ransa yana jin kamar ya ragu a idonki. Maza da yawa sun gwammace su haɗiye garwashi da su ga wannan kallon. Ita kuwa na'ura ba ta da nauyin yara a wuyanta, ba ta wuni tana aiki ba, ba ta tsoron gobe domin gobenta ba a ɗaure take da tasa ba. Numfashin nan da kike ja, wanda ya kai ƙararsa wurinta, numfashin wadda jirgi ɗaya ya kwaso su ne, in ya nitse da ke zai nitse. Kin rubuta cewa na'ura ta fi ki iya sauraro, ni kuwa ban yarda ba. Abin da ta fi ki kawai shi ne magana ba ta taɓa ta. Ke kuwa tana taɓa ki, saboda naki ne.

Kin tambaye ni kai tsaye ko cin amana ne, zan amsa miki kai tsaye. Ba zan kira shi neman mata ba, domin babu wata mace a ɗaya gefen. Amma amanar aure ba a shimfiɗa kaɗai take ba. Akwai amanar sirri, akwai amanar lokaci, akwai kuma kalmomin da mutum ya keɓe wa matarsa ita kaɗai. Ya kwashi ukun nan ya kai wani wuri, cikin dare, a ɓoye. Maganarsa ta "ai na'ura ce" rabin gaskiya ce. Da lissafin bashin kawai ya ba ta ta tsara masa yadda zai biya, ko ta gyara masa takardar neman wani aiki, da ni zan fara ce miki ki kwantar da hankalinki, don wannan amfani ne mai kyau kuma miliyoyin mutane na yin sa kullum. Amma ba a raɗa wa kalkuleta sunan mace. Ranar da ya zaɓa mata suna, ya kuma bar ta tana kiransa masoyi, ya san abin da ya je nema. Ga ma'auni mai sauƙi: zai iya miƙa miki wayar ki karanta hirar yana zaune kusa da ke, ba tare da ya sunkuyar da kai ba? In ba zai iya ba, shi ma zuciyarsa ta san an taɓa wani abu da bai kamata a taɓa ba.

Yanzu zan juyo kanki, ki yi haƙuri da ni. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa ba zan yi miki irin abin da na'urar ke yi masa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jimlar nan da ya rubuta, cewa in ya fara maganar kuɗi sai ki ja numfashi, na san ita ta fi yi miki ciwo a duk hirar, amma ita ce abu mafi amfani da kika samo a wayar nan. Ya nuna miki, ba da niyya ba, daidai inda ƙofar ta rufe. Ban ce laifinki ne ba. Shi babba ne, da ya ga numfashin yana damunsa ai bakinsa ba a ɗinke yake ba. Sai dai ƙofa tana da gefe biyu, kuma gefenki ne kaɗai ke hannunki.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Gottman, da ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin ma'aurata a jami'ar Washington da ke Seattle. A wani bincikensa ya sa ido a kan sababbin ma'aurata, yana lura da 'yan ƙananan kiran da ɗaya ke yi wa ɗaya a zaman yau da kullum: "zo ki ga wannan", ko ajiyar zuciya, ko "yau kam na gaji". Bayan shekara shida ya koma ya duba su. Waɗanda aurensu ya ɗore, an tarar tun farko suna amsa irin wannan kiran kusan kashi 86 cikin ɗari na lokutan. Waɗanda suka rabu, kashi 33 kacal. Abin da ya bambanta su ƙarami ne a ido: in an yi kira ana juyowa, ko ba a juyowa. Na'ura tana amsawa ɗari bisa ɗari, dare da rana. Ba za ki iya yin gasa da wannan ba, kuma kada ki gwada, ke mutum ce, kina barci, kina ciwon kai, kina da ranar da ba kya son magana. Amma ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: a watanni takwas ɗin nan, sau nawa ya yi ƙaramin kira alhali idonki na kan taki wayar? Na tambaya ne don a gidaje da yawa wayoyi biyu ne ke haske a ɗakin barci.

Duba masa waya da kika yi ma, ki amsa shi a gabansa ba kwana-kwana. Zargi ne ya kai ki, kuma na fahimta, amma kin shiga inda ya ɗauka babu mai ganinsa, kin same shi a lokacin da ya fi rauni. Wani ɓangare na "laifin me na yi?" ɗin nan borin kunya ne. In kika fara da ba shi haƙuri kan wannan, kin zare masa garkuwar da zai ɓuya a bayanta.

Akwai kuma abin da nake jiye masa tsoro shi kansa. Wannan "masoyiya" tasa mallakin kamfani ce. Ɗaya daga cikin fitattun manhajojin nan, Replika, ta fito ne a 2017, kuma asalinta abin tausayi ne. Matar da ta kafa ta, Eugenia Kuyda, mota ce ta kaɗe babban amininta ya rasu a 2015, sai ta tattara saƙonnin da ya bari ta haɗa na'urar hira mai magana irin tasa don ta rage kewa. Daga nan tunanin ya girma ya zama kasuwanci. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta hana kamfanin sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kuma a daidai wannan lokaci kamfanin ya cire hirar sha'awa daga manhajar. Dare ɗaya mutane suka wayi gari "masoyansu" sun sauya hali, sun zame musu baƙi. Aka yi ta kuka a intanet kamar an yi rasuwa, har masu kula da zaurukan da suke taruwa suka riƙa liƙa lambobin neman agaji ga masu tunanin kashe kansu. A Japan wani mutum, Akihiko Kondo, ya yi bikin aure a 2018 da Hatsune Miku, wata mawaƙiyar zane da kwamfuta ke ba ta murya, auren da doka ba ta san da shi ba. Yana hira da ita ta wata na'urar kamfanin Gatebox, a 2020 kamfanin ya dakatar da wannan hidimar, hira ta yanke. A Agustan 2025 ma, da OpenAI ya ɗauke tsohon samfurin ChatGPT ya kawo sabo mai suna GPT-5, koke-koken waɗanda suka shaƙu da tsohon sun sa cikin 'yan kwanaki aka dawo da shi ga masu biyan kuɗi.

Ban kawo waɗannan mutane don a yi musu dariya ba. Kaɗaici ne ya kai su can, kuma hawayensu na gaske ne. Na kawo su ne don ki ga cewa maigidanki ya jingina da bangon da wani ne ke riƙe da shi, kuma mai riƙon zai iya janyewa duk ranar da lissafin kasuwa ya canza. Sannan duk sirrin da ya zuba, bashinsa, tsoronsa, har maganar numfashinki, yana can a kwamfutocin mutanen da bai taɓa gani ba. Wannan kina da haƙƙin yin magana a kai, domin sirrin gidanki ne. Kuma sauƙin da yake samu ba lallai ya zama magani ba. A Maris 2025 OpenAI da masu bincike na MIT sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi wa mutum kusan dubu ɗaya na tsawon mako huɗu, inda aka ga waɗanda suka fi daɗewa kan hira da na'urar kullum su ne suka fi nuna kaɗaici, suka fi dogara da ita, suka fi rage cuɗanya da mutane.

Sai tambayarki ta ƙarshe, ta 'yarki, wadda ta fi sauran girma. Ba zan ce miki babu abin da zai canza ba, don ya riga ya fara. Yadda ake haɗuwa ya canza: binciken Michael Rosenfeld na jami'ar Stanford ya nuna cewa a Amurka, cikin maza da matan da suka fara soyayya a 2017, kusan kashi 39 cikin ɗari ta intanet suka haɗu, fiye da waɗanda abokai suka haɗa. Yadda ake samun haihuwa ya canza: a 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwayoyin halittarta a ɗakin gwaji, kuma a lokacin mutane da yawa sun tsorata. Yau miliyoyin yara aka samu ta wannan hanya, aure nawa ta tsamo daga baƙin cikin rashin haihuwa. Ma'auratan da nema ya raba su ƙasashe, waɗanda a da sai wasiƙa ta yi wata guda a hanya, yanzu suna ganin fuskar juna kowane dare. Don haka ba na cikin masu zagin fasaha a dunƙule.

Amma wannan ta yanzu ta sha bamban, ba zan ɓoye miki ba. Waya da intanet hanya ce, a ƙarshen hanyar akwai mutum. Wannan kuwa ta zo ne ta zauna a kujerar mutumin. Ta kuma zo a lokacin da kaɗaici ya zama annoba. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa illar rashin cuɗanya ga lafiya tana iya kai ta shan taba kara 15 a rana. A ganina, kafin 'yarki ta isa aure za a sami mutane da yawa da za su zaɓi abokin hira marar gardama su haƙura da aure, musamman waɗanda soyayya ta taɓa ƙona su da masu jin nauyin shiga mutane. Na'urorin sun riga sun sami murya mai taushi da fuska, kuma za su ƙara kama da mutane. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da za su taso da abokin da bai taɓa ce musu a'a ba, sannan su shiga gidan aure su tarar da mutum mai ra'ayinsa, mai fushinsa, mai gajiyarsa, su ɗauka an cuce su. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Wanda bai koyi saɓawa da shiryawa ba, zama da kowa zai yi masa wuya.

Duk da haka ban fid da rai da aure ba ko kaɗan. Tun 1938 jami'ar Harvard ke bin rayuwar wasu maza, 724 gaba ɗaya, daga samartaka har tsufa, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, gamsuwar mutum da zamansa da nasa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna irin lafiyar da zai samu a shekara 80. Tsofaffin da suka tabbata akwai wanda za su dogara da shi in ta ɓaci, su suka fi daɗewa da kaifin tunani, ko da kuwa kullum sai sun yi 'yan ƙananan faɗa da abokan zamansu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da maigidanki, wa zai taɓa goshinsa? Wa zai kwana a kujera a bakin gadon asibiti? Ga kuma ɗaya rabin da mutane ke mantawa: ɗan Adam ba ya ƙoshi da a so shi kawai, sai ya ji ana buƙatarsa. Na'ura ba ta buƙatar komai daga maigidanki. Ba zai taɓa yi mata alheri ba, ba zai taɓa yafe mata ba, ba zai tashi tsakar dare saboda ita ba. Ƙauna da jin ƙai Allah ya sanya tsakanin ma'aurata, shi kuwa jin ƙai sai da mai rauni a ɗaya gefen, wanda zai iya jin ciwo in ka sake shi. 'Yarki kuma daga abin da take gani tsakaninki da babanta za ta fara sanin mene ne aure, tun kafin wata manhaja ta koya mata komai.

Ƙawarki ta yi gaskiya a abu ɗaya, gyaran ya fi sauƙi tun da babu wata mace da za a yi jayayya da ita. Amma kada godiyar ta zama ki ja bakinki ki yi shiru. Yayarki kuwa ƙaunarki ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, sai dai ban goyi bayan tafiya ba. Mutumin da kaɗaici ya tura shi ga waya, in kika bar masa gidan, ga wayar kika bar shi, ita kuma a daren za ta ce masa ta fahimce shi.

Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ba lokacin da wayar ke hannunsa ba, ba kuma ranar da ya dawo a jigace ba. Ki fara da ban haƙuri kan duba wayar. Sannan ki bar maganar manhajar tukuna, ki shiga ta ƙofar bashin. Ki ce masa wani abu mai kama da wannan, da bakinki da irin kiran da kika saba yi masa: "Na ga abin da kake ɗauke da shi kai kaɗai wata takwas. Ya yi mini ciwo da ban sani ba. Numfashin da nake ja tsoro ne, ba raini ba ne. Nawa ne bashin? Mu zauna mu duba." Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, zai yi nauyi, kada ki cike shi da magana. In ya faɗi adadin, komai yawansa, ki riƙe fuskarki na wannan daren. Kukanki da faɗanki suna da ranarsu, kuma haƙƙinki ne, amma ba a daren farko ba.

Maganar manhajar ta zo a zama na biyu. Ba na ba ki shawarar ki ce masa "ko ni ko ita". Wanda aka tilasta wa gogewa yakan sake saukewa a ɓoye, an koma gidan jiya ke nan, har da ƙarin ƙwarewa a ɓoyo. Ki faɗi a fili abin da ba za ki iya zama da shi ba: sunan macen nan ya tafi, kalaman soyayya su tsaya, sirrinki da na gidanki kada su sake shiga can. In yana son na'ura ta taya shi lissafi ko neman aiki, ga manhajoji nan da ba don soyayya aka yi su ba, ku ma zauna ku yi tare. Ku yi alkawari wayoyi biyu, taki da tasa, su riƙa kwana a caji a wajen ɗakin barci. Ku ware ko minti ashirin ne kowane dare, ba maganar yara, ba lissafin gida, kowa ya faɗi abin da ya fi tsaya masa a rai a ranar. Makon farko za ku ji kamar baƙi biyu a ɗakin jira. Ku daure, harshen zai saki.

Abu ɗaya kuma nake so ki sa wa ido sosai. Mutumin da ya yi wata takwas ba ya barci sai biyun dare, ya daina magana, ga bashi ga tsoron rasa aiki, yana iya kasancewa ciwon damuwa ne ya kama shi, kuma wannan cuta ce da likitoci ke yi wa magani. In kin ga ya rage cin abinci, ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, ya janye daga 'yan'uwa da abokai, ko kika ji yana cewa gara ma ba ya raye, ko kin ga irin wannan magana a hirar da kika karanta, kada ki jira ko kwana ɗaya. Ku ga likita, ki kuma sanar da wani babba nasa da yake jin nauyinsa. Ki ƙarfafa masa ya koma cikin abokansa. Bai kamata ke kaɗai ki zama kunnensa ba, wannan kaya ya fi ƙarfin kai ɗaya.

In kuwa kin yi duk wannan, wata biyu, wata uku, ya ci gaba da ɓoyo yana cewa ke ce mai matsala, to lokacin shigo da mutum na uku ya yi: mutum ɗaya mai riƙon sirri da ku biyun kuke girmamawa, ko ƙwararren mai sasanta ma'aurata. Kada maganar ta zagaya dangi, domin namijin da aka yi wa dariya a kan irin wannan zai yi wuya ya sake buɗe baki. Ke ma kada kunya ta sa ki zauna kina cin wuta ke kaɗai. Ki riƙe yayarki da ƙawarki ki riƙa yi musu kukanki, kuma ki kula kada daren da ya fi yi miki tsawo ya kai hannunki ga saukar da taki manhajar.

Ki sake rubuto mini bayan kun yi zaman farko, ki gaya mini abin da ya ce da kika tambaye shi nawa ne bashin. Allah ya daidaita tsakaninku, ya biya masa bashinsa, ya raya muku yaran.